Abin da Kuɗin Jirgi Bai Biya Ba

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, har Malam Abubakar Imam ya ɗauki maganar ya raɗa wa littafin da ya rubuta na labarin zuwansa Ingila cikin 1943. Maganar gaskiya ce, amma ku lura da kyau, 'yan makaranta, mabuɗi suka ce. Mutum ya iya rataya mabuɗi a wuyansa shekara da shekaru, ya mutu bai buɗe ko akwati da shi ba. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku labarin wata irin tafiya da masu sukuni ke yi a kan teku a zamanin nan, wadda Allah ya nufe ni da yin ta sau ɗaya, don ku san abin da kuɗi ke iya saya wa matafiyi, ku kuma san abin da sai shi da kansa zai ɗauko daga gida.

Ni mutumin Gidan Igwai ne, cikin birnin Sakkwato, aikina kuwa koyarwa har na huta. Mu a nan babban ruwanmu shi ne gulbin Rima, tsakaninmu da Ikko kuwa tafiyar fiye da mil 600 ce, don haka yaro ya kan zaci ba abin da ya haɗa shi da teku sai taswira. Alhali kuwa ruwan nan da ku ke gani yana wucewa ta Kwalkwalawa, shi ne ke gangarawa Argungu, ya faɗa Kwara, Kwara ta kai shi teku. Tun cikin 1824, sa'ad da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi zance da shi a kan buɗe hanyar ciniki ta bakin teku, har ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila. Clapperton ya komo ta Badagiri, ajali ya same shi a nan cikin 1827, sa'an nan cikin 1830 baransa Richard Lander ya bi Kwara a kwale-kwale har inda ta shiga teku. Cikin 1934 kuwa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, da Sarkin Gwandu Usman, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, suka shiga jirgin ruwa suka tafi Ingila, suka komo lafiya.

A wancan zamani duk wanda zai tafi Ingila daga ƙasarmu, ko sarki ne ko ɗan makaranta, jirgin wasiƙu na kamfanin Elder Dempster ya kan shiga a Ikko, ya yi kamar mako biyu a ruwa, yana tsayawa Takoradi da Firitawun da Las Palmas, kafin ya kai Libaful. Na ƙarshensu shi ne Aureol, wanda ya fara aiki cikin 1951, ya daina cikin 1974, domin jirgin sama ya riga ya kwashe fasinjoji. Wa zai yarda ya yi kwana 14 a hanyar da za a iya yankewa cikin sa'a bakwai?

Da masu jiragen ruwa suka ga haka, sai suka sake dabara. Suka ce tun da ya ke mai gaggawa ya guje mana, bari mu nemi wanda ba ya gaggawar zuwa ko'ina. Suka mai da jirgi masauki, suka mai da tafiyar ita kanta abin sayarwa. Dabarar tsohuwa ce, don tun 1900 wani kamfani na birnin Hambug a Jamus ya ƙera jirgi musamman saboda yawon buɗe ido, amma sai bayan zuwan jirgin sama ta bunƙasa. Cikin 2024 aka fara aiki da wani mai suna Icon of the Seas, tsawonsa ya kusa ƙafa 1,200, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata, watau gari guda ke nan yana yawo bisa ruwa.

Amma waɗanda a ke kira na alfarma ƙanana ne, fasinjojinsu 'yan ɗaruruwa, ma'aikatansu kuwa sun kusa kai yawan fasinjojin. Ka'idarsu ita ce biya ɗaya. Tun kana gida za ka biya kuɗin gaba ɗaya, daga ranar da ka sa ƙafa cikin jirgi kuwa ba ka sake sa hannu aljihu. Ɗaki, da abinci, da abin sha, da motar da za ta zaga da kai gari in an tsaya, da ladan mai ja-gora, har da ɗan tukuicin da a kan ba masu hidima, duk suna ciki. Da dare jirgi na tafiya kana barci, gari na wayewa ka ga wata tasha a bakin tagarka.

'Ya'yana ne suka haɗa kuɗi suka biya mini, suka ce shekaru da yawa ina koya wa yara sunayen garuruwan bakin teku a allo, ya kamata in gan su da idona, gani ya kori ji. Bayan Ƙaramar Salla ta 2024, lokacin da bazara ke toya Sakkwato, na tafi Ankara ta ƙasar Gana tare da babban ɗana, muka shiga jirgi a tashar Tema. Hanyar da zai bi kuwa kusan ita ce ta jiragen wasiƙu na da: Takoradi, Firitawun, Banjul, Dakar, tsibiran Cape Verde, sa'an nan Las Palmas cikin tsibiran Kanari.

Ba na ɓoye muku, daɗin wurin ya isa a ba da labari. Jirgin hawa-hawa ne kamar bene, ga na'urar da ke ɗaga mutum daga wannan hawa zuwa wancan, ga tafkin wanka a can sama, ga ɗakin karatu, ga asibiti ƙarami da likitansa. Ruwan da mu ke sha daga tekun a ke jan shi, inji ya raba shi da gishiri. Ɗakina yana da ɗan shirayi, in na zauna ba abin da ke tsakanina da teku sai gilashi. Abinci kuwa ba ya yankewa tun hantsi har tsakar dare. Ni da na saba da fura da rana, tuwo da dare, sai ga ni gaban teburi mai cokula huɗu, kowane da aikinsa.

Sai dai Musulmi ya kan biya abin da ba zai taɓa ba, don wani kashi na kuɗin nan na giya ne, ko ka sha ko ba ka sha ba. Nama kuma na bar shi, na riƙe kifi da ƙwai da ganye. Abin da ya fi ba ni aiki shi ne alƙibla, domin masallacin da ke tafiya ba ya riƙe gabas ɗaya. Wanda ya taimake ni shi ne saurayin da ke gyara ɗakina, Musulmi ne daga Indunisiya. Ran farko da ya ga buzuna a shimfiɗe sai ya yi mini sallama, ya nuna mini yadda zan duba allon da ke nuna inda goshin jirgi ya dosa, in auna da shi. Na tambaye shi iyalinsa, ya ce wata takwas ke nan rabonsa da su, 'yarsa ta fara tafiya bai gani ba sai a waya. Ɗakinsa yana can ƙasa inda ba taga. To, ku riƙe wannan: duk inda kuka ga mutum ya huta sarai, akwai wani a ƙasa da ke ɗauke da hutun.

Da muka wayi gari a Takoradi, tashar da aka buɗe cikin 1928, sai na tuna da fatake. Wannan ƙasa ita ce kakanninmu ke nufa in sun ce za su Gwanja. Ayari ya kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega da kanwa da tufafi da fata, ya ratsa Bargu, ya bi ta Yandi har Salaga, ya komo da goro, tafiyar wata shida ko shekara guda. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta kai Kano cikin 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, fatake na kwana a sarari bisa dandamalin jirgi, kowa ya jingina da huhunsa. Abin lura ga ayari shi ne, duk garin da ya sauka, garin ya ci arziki. Mai masauki ya samu, dillali ya samu, mai fura da mai itace da mai ciyawar jakai kowa ya samu. Falke kuwa, da ya ke yana bukatar mutanen gari, tilas ya gaishe su, ya koyi harshensu, ya san al'adarsu. Ta haka Hausa ta kai inda ta kai.

Mu kuwa namu ayarin ya zo da zangonsa a bayansa. Mun karya a jirgi, an ba kowa gorar ruwa daga jirgi, mota mai sanyi na jiranmu a gindin tsani. Mata masu talla suna tsaye bayan shinge da tirensu, muka wuce su muna kallon juna ta gilashi. Mai ƙoshi ba ya sayen abinci, wanda ba ya saye kuwa ba ya tsayawa, balle ya yi gaisuwa. A nan na fara gane aibin biya ɗaya: yana raba baƙo da bukatar mai gida. Hausawa sun ce baƙo makahon gari, amma makahon da ke bukatar ɗan jagora ya kan san gari, domin tilas ya yi tambaya.

Tafiyar sa'a ɗaya da rabi ta kai mu Elmina. Gida ne na dutse, fari fat, a bakin ruwa, da igwoyi a kan ganuwarsa. Mutanen Fotugal suka gina shi cikin 1482 saboda cinikin zinariya, mutanen Holan suka ƙwace shi cikin 1637, ya koma hannun Ingilishi cikin 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante, Prempeh, cikin 1896 kafin a kai shi Saliyo. Mai ja-gora ya fara hawa da mu sama, ɗakin gwamna, mai manyan tagogi da iskar teku. Sa'an nan ya sauko da mu ƙasa, inda a ke tara bayi maza da mata har jirgi ya zo. Duhu ne, da zafi, da wani irin wari da shekaru ba su kawar ba. A ƙarshensa akwai 'yar ƙofa, mutum ɗaya ke wucewa ta cikinta, shi ma sai ya karkace. Wanda ya fita ta nan ba ya komowa. Masana sun ƙididdige cewa wajen mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora wa jiragen bayi daga gaɓar Afirka duka, waɗanda suka sauka da rai kuwa ba su kai miliyan 11 ba.

Muna tsaye cikin duhun nan, wata tsohuwa baƙar fata daga Amurka tana kuka a hankali, sai mai kula da tawagarmu ya duba agogo ya ce saura minti goma, abincin rana na jira. Ba na zarginsa, aikinsa ke nan, jirgi kuwa ba ya jiran kowa. Amma ku duba wannan al'amari: wurin da mutane suka yi watanni suna jiran abin da ba su sani ba, mu an yanka mana sa'a ɗaya, an sa ta tsakanin karin kumallo da abincin rana.

Da muka komo Takoradi da sauran rana, na ce wa ɗana ina so in yi la'asar cikin jam'i. Wannan ba ya cikin takardar shirin jirgi, sai muka ɗauki tasi da kuɗinmu, muka ce a kai mu zango. A ƙasar Gana, unguwar da baƙi Musulmi suka kafa har yau zango a ke ce mata, kalmarmu ce ta fatake. Bayan salla wani dattijo ya miƙo mini hannu, muka gaisa. Ban yi jimla uku ba sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, kai Basakkwace ne. Rabona da jin mutum ya ce mi da shina tun rasuwar kakana." Na ce, "Baba, daga ina kakan naka?" Ya ce daga Jega, goro ya kawo shi, aure ya riƙe shi. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma ya tambaye ni ko gulbi na kawo ruwa kamar da, ko har yanzu a na zuwa Hubbare ziyara. Ya aika aka kawo shinkafa da wake a ganye, wadda mutanen Gana duka ke kira da sunan da suka aro daga wakenmu, kamar yadda suka ari koko da ƙosai. Na sa hannu aljihu, ya riƙe hannuna, ya ce, "Haba Malam, a zango?" Cikin rabin sa'ar nan na ji labarin yadda Hausawa suka zauna gaɓar teku fiye da abin da na ji a yinin duka, dalili kuwa shi ne bukata ce ta kai ni ƙofarsu.

Daren nan jirgi ya doshi yamma, na zauna a shirayina ina duban ruwa, abin da na sha karantawa ya riƙa faɗo mini. Kada ku zaci labarin 'yar ƙofar nan na waɗansu ne can. Yawancin Hausawan da aka ƙetarar ba ta Elmina aka fitar da su ba, ta Ikko ne da Badagiri da Wida da Ajashe, aka kai su Bahia ta ƙasar Barazil, musamman a farkon ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙe suka yi yawa a ƙasarmu. Cikin 1807 hukumar Bahia ta tona wani shirin tawaye na bayi Hausawa, cikin 1814 suka tashi sosai, cikin watan azumi na 1835 kuwa Musulmi bayi, Yarabawa da Hausawa, suka yi babban tashin da har yanzu a ke karanta labarinsa a can. An sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Wani jakadan Faransa a Bahia, Castelnau, ya zauna da Hausawa bayi yana tambayarsu labarin ƙasarsu, suna lissafa masa garuruwa da hanyoyi, ya buga littafi cikin 1851. Ku tsaya ku yi tunani, yaro ne kamarku, ya fara allo a Katsina ko Zazzau, ya tsufa a gonar rake a bayan teku yana tuna ƙofofin garinsu. Kuma ba Bature ne ya zo har gida ya kama shi ba. Hannu da hannu aka miƙa shi, daga kasuwa zuwa kasuwa, har bakin ruwa. Sarkin Musulmi Bello da kansa ya koka cikin Infaƙul Maisuri a kan yadda a ke sayen bayi daga ƙasarmu a kai kudu a sayar wa Nasara, ya yi gargaɗi a kan haka. Wanda ya san wannan, in ya dubi tekun nan ba zai ga ruwa kaɗai ba.

Firitawun ta Saliyo ita ce ta sanyaya mini rai. Gari ne a gindin duwatsu masu duhun itace. Bayan da Ingila ta hana cinikin bayi cikin 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen bayi a teku, suna kawo mutanen nan su sake su, har aka sauke kusan 100,000. Ƙofar farfajiyar da a ke fara tara su tana nan tsaye, a bakin wani asibiti. Babban rimin garin, wanda ya ke kamar tambarinsu, guguwa ta kayar da shi cikin watan Mayu na 2023, gindinsa muka tarar. Abokan tafiyata suka ɗauki hoto suka nufi bakin rairayi. Ni kuwa na daɗe a gaban ƙofar, domin cikin waɗanda suka shiga ta nan akwai Hausawa, kuma daga bakinsu ne wani Bajamushe ɗan mishan, Schön, ya fara koyon Hausa, ya buga littafin kalmominta cikin 1843. Wani ɗan'uwansa, Koelle, ya tattara kalmomin harsuna fiye da 100 a garin nan, har da namu, ya buga cikin 1854. Ashe wannan rubutun boko da ku ke karantawa yanzu, akwai hannun waɗansu bayin Allah a tushensa, waɗanda aka ciro daga cikin jirgi tsirara, ba su da kome sai harshen uwarsu. Mai ja-gora bai faɗi wannan ba, ba kuwa laifinsa ba ne, bai san akwai Bahaushe a motar ba.

Banjul muka yi yini guda, garin da Ingilishi suka kafa cikin 1816 don tsare bakin kogin Gambiya daga jiragen bayi, suka kira shi Bathurst har 1973. Daga nan sai Dakar, inda ƙaramin jirgi ya ƙetarar da mu tsibirin Gore cikin minti 20. Tsibirin bai kai mil ɗaya a tsawo ba, ba mota ko ɗaya, gidajensa ja da rawaya, furanni na zubowa ta kan katanga. Akwai gidan da a ke kira Gidan Bayi, shi ma da ƙofarsa mai duban teku. Masana tarihi sun nuna cewa waɗanda aka fitar ta Gore ba su kai ko kusa da na tashoshin gaɓar Ikko da Wida ba, amma duniya ta ɗauke shi wurin tunawa. Abin da na so ku ji, 'yan makaranta, shi ne a tsibirin nan makarantar William Ponty ta zauna tun daga 1913 har wajen 1937, inda Faransa ke horar da malamai daga ƙasashen da ta mallaka. Yara daga Nijar sun zo nan karatu, cikinsu har da Diori Hamani, wanda ya zama shugaban Nijar na farko cikin 1960. Tsibiri ɗaya, waɗansu sun bar shi da mari a ƙafa, waɗansu sun bar shi da takardar shaidar malanta.

Tsibiran Cape Verde ba kowa a cikinsu sai da mutanen Fotugal suka zo wajen 1460. A tsohon garinsu, Cidade Velha, akwai wani ginshiƙin farin dutse a tsakiyar dandali inda a ke ɗaure bawa a hore shi a gaban jama'a, yanzu kuwa masu sayar da tsaraba ke zama a inuwar da ke kewaye da shi. Daga nan muka yi kwana biyu ba mu ga ƙasa ba, ruwa ya yi sanyi, iska ta yi ƙarfi, har muka kai Las Palmas. Birni ne na ƙasar Sifen, an kafa shi cikin 1478, Kolumbus ya tsaya tsibiran nan cikin 1492 kan hanyarsa ta zuwa Amurka, kuma a nan jiragen Ikko ke shan gawayi a da.

Amma tsakanin Dakar da Kanari akwai waɗansu matafiya da ba sa cikin takardar shirin kowa. Samari ne daga Senegal da Gambiya da Mali da sauran ƙasashenmu, suna shiga kwale-kwalen masunta, mutum ɗari ko fiye a ciki, su yi mako guda ko fiye a buɗaɗɗen teku don su kai tsibiran nan, da ya ke ƙasar Turai ce. Cikin 2023 fiye da 39,000 suka isa, cikin 2024 fiye da 46,000. Waɗanda ƙishirwa ta kashe da waɗanda igiyar ruwa ta haɗiye, Allah kaɗai ya san adadinsu. Su ma sun yi biya ɗaya tun daga gida, sau da yawa da kuɗin gonar uba ko sarƙar uwa, sai dai ba a haɗa musu da ruwan sha isasshe ba. Ruwan da mu ke bi a na kaɗa mana garaya irin ta Turawa a ɗakin cin abinci, shi su ke bi a cikin dare ɗaya. Ku da ku ke jin labarin masu bin Agadas zuwa Libiya, ku sani wannan ɗan'uwan wancan ne. In wani ya zo muku da daɗin baki, ku tuna in kunne ya ji, jiki ya tsira.

To, jama'a, ba cewa na ke yi yawon jirgin alfarma mugun abu ne ba. Wanda Allah ya hore wa ta hanyar halal, ya tafi ya ga ikon Allah, don wanda bai ga teku ba bai san iyakar ƙanƙantarsa ba. Cikin abokan tafiyata ma akwai masu hankali da suka zo da littattafai, suna tambaya, suna rubutawa. Abin da na ke cewa shi ne, kamfani ya iya haɗa maka kome cikin kuɗi ɗaya, amma ba ya iya haɗa maka da sanin abin da ka ke kallo. Mu ɗari da wani abu muka shiga Elmina ta ƙofa ɗaya, kowa kuwa gwargwadon guzurinsa ya gani. Wani ya ga tsohon gini mai kyaun hoto, wata ta ga kakanninta.

Saboda haka ga shawarata gare ku. In Allah ya kai ɗayanku irin wannan tafiya, ya karanta labarin kowace tasha tun bai tashi ba. In an sauka, ya ɓalle daga tawaga ko na sa'a ɗaya ne, ya nemi masallaci ko kasuwa, ya sayi abinci da kuɗinsa ko da ya ƙoshi, don mai talla ita ma ta san jirgi ya zo. Ya gai da mai gyara masa ɗaki, ya tambayi sunansa da garinsu. Wanda kuwa bai samu zuwa ba, kada ya ga an bar shi a baya, don guzurin nan a gida a ke haɗa shi, kuma ba ya cin ko kwabo. Ga gidan tarihi na Waziri Junaidu a cikin garin nan, ku nawa kuka taɓa shigarsa? Ga tsofaffi a unguwanninku waɗanda kakanninsu suka yi fataucin Gwanja, ku je ku durƙusa ku tambaye su tun suna da rai, ku rubuta abin da suka gaya muku. Ku riƙe darasin labarin ƙasa da na tarihi da hannu biyu, kada ku mai da su na cin jarrabawa kurum.

Allah ya ji ƙan waɗanda teku ta ci, na da da na yanzu. Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.